'Ya'yan Tsamiya Ashirin da Uku

Bana azumi ya sake faɗowa tsakiyar bazara. Sai da ya yi shekara talatin da 'yan kai yana zagaye kafin ya komo inda na san shi ina saurayi. Jiya da la'asar ina kwance ƙarƙashin fankar da ta daina juyawa tun hantsi, kwanon rufi yana ƙara saboda zafi, sai ƙamshin jiƙaƙƙiyar tsamiya ya tsallako katanga daga maƙwabta. Duk da ƙishin da nake ji, ba kunu na tuna ba. Saniyar mahaifiyata na tuna, da allurar da na yi mata.

A ƙarshen shekarun tamanin ne. Gidanmu yana unguwar Limancin Kona, a cikin birni. Baba ya ajiye aikin magatakardan kotu, ya koma zaure da littattafansa. Ni kuwa ina karatun digiri na biyu, ina aiki a ɗakin bincike ƙarƙashin wata malama 'yar Wusasa wadda kowa ke kira Dokta. Kullum da safe nakan hau keke in tafi mayanka da fulas cike da ruwan gishiri mai ɗumi. Mahauta su ciro mini jakar ƙwai ta shanun da aka yanka, in ruga da su kafin su huce. Mai-ƙwai suke ce mini. A ganinsu ko dai asiri nake haɗawa, ko kuwa boko ya taɓa ni, kuma ban taɓa samun hujjar da za ta raba su da zato na biyu ba.

Abin da muke bi wani sinadari ne da jikin saniya ke yi, furojestaron. Idan ƙwai ya fita daga jakarsa, gurbin yakan cike da ɗan rawayan nama, shi ke zubo wannan sinadari cikin jini. Muddin yana zubowa saniya ba ta neman bijimi, in kuma akwai ciki shi ke riƙe da shi. Littattafan da muka haddace sun ce irin wannan sinadari sai ya ratsa tantanin ƙwayar halitta, ya shige har ƙurya, kafin a karɓi saƙonsa, kuma hakan kan ɗauki sa'o'i. Dokta ba ta ƙaryata littafi ba, amma ta ce ba a nan zancen ya ƙare ba, don akwai abubuwan da ke faruwa cikin 'yan mintuna.

Takan ce mini, "Kai ɗan cikin birni ne. Baƙo ya zo gidanku, har ɗakin Innarka yake shiga? A zaure yake tsayawa ya yi sallama, amma kafin ya zauna an ɗebo masa ruwa daga ciki. Akwai mai amsa sallama a bakin ƙofa. Shi muke nema."

A lokacin manyan malamai murmushi kawai suke yi mata. Yanzu maganar tana cikin littattafan ɗalibai, har da zane mai launi. Ba ta kai ga gani ba.

Inna tana da saniya guda, fara, ana ce mata Kyauta, jikar saniyar da mahaifin Inna ya ba ta ranar da aka kawo ta gidanmu. A bayan gida take ɗaure, kusa da rijiya, ƙarƙashin darbejiya. Shekara biyu ke nan ba ta haihu ba.

Ni ne ɗan fari. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Wancan" take ce mini, in ta yi sassauci ta ce "mai keken nan". Ba ta kallon idona, ba ta aikena kai tsaye. Duk maganar da ta wuce gaisuwa takan bi ta wurin Iya, kakata, mahaifiyar Baba, wadda ke kirana angonta tana zagina yadda ta ga dama. Haka muka rayu, kuma har zuwa wannan azumin ban taɓa jin wani saƙo ya ɓace a hanya ba.

Bazarar ta zo da mugunta. Daminar da ta gabata ta ɗauke da wuri, harawa ta ƙare tun kafin a ga wata. Famfon unguwa ya yi shiru har aka fara shanya wanki a kansa. Rijiyarmu sai ka zura guga ka kwantar da shi, ka jira, sannan ya taso da rabi, rabin ma ja. Da an fito sallar asuba nakan ja guga shida, huɗu na gida, biyu na Kyauta, sannan in wuce mayanka. A ɗakin bincike wuta ta ɗauke, Dokta ta tsaya gaban firji tana kallonsa kamar mai jinya. Da azahar gari ya mutu. Ko kaji ba sa motsi, sai su buɗe baki su saki fukafukai a gindin katanga. Da la'asar Inna ta jiƙa tsamiya, a surfa gero, dusar da ta fita ba ta cika ƙoƙo biyu ba, ita ce abincin saniya na yini. Daga bakin madafa ana iya ƙirga haƙarƙarinta.

Ran bakwai ga azumi Baba yana alwala a tsakar gida, ya ɗaga kai ya dubi bayan gida, ya ce in aka yi Sallah ba a ga komai a jikin dabbar nan ba sai a kira mahauta, don barin ta haka zalunci ne. Bai ɗaga murya ba, ba ya ɗagawa. Inna tana zuba kunu a kwanuka. Na ga ludayin ya tsaya a sama, sannan ya ci gaba.

Ni na san mayanka fiye da kowa a gidan. Na san inda za a kayar da ita, na san wanda zai riƙe ƙahon, na kuma san shi zai miƙo mini jakar ƙwanta yana yi mini barkwanci. Na ƙudura ba za a yi haka ba.

Na roƙi Iya ta tambayar mini Inna ko Kyauta tana yin kuka da rashin natsuwa irin wanda shanu ke yi duk bayan mako uku. Wannan ita ce iyakar abin da bakina zai iya aikawa ga mahaifiyata. Amsa ta dawo cewa lafiyarta ƙalau, tun girbi ba ta yi ba. Na ɗebi jininta, na sa cikin awon da muke yi a wannan makon, ban gaya wa kowa ba. Sakamako ya nuna sinadarin ya cika jininta.

Wannan yana da fassara biyu. Ko dai tana da ciki, ko kuwa rawayan naman nan ya maƙale ya ƙi narkewa, yana hana ta neman bijimi a banza. Na zauna na yi lissafi irin na masu digiri. Saniya a ɗaure a bayan gida, a tsakiyar birni, katanga ta ko'ina, babu bijimi a unguwar kaf. Ciki kuwa ba ya zuwa ta iska. Saura fassara ta biyu, kuma tana da magani a kabad ɗin Dokta: allura guda da ke narkar da naman, cikin kwana uku saniya ta nemi bijimi. In aka kai ta wurin bijimi, aka ce wa Baba an kai ta, zai jira.

Abu biyu ban sa cikin lissafin ba. Wata ukun girbi ba na gari, ina kudu wurin wani kwas. Sannan na riƙe jakar ƙwai da ba zan iya ƙirgawa ba, amma duk na matattu. Ban taɓa zura hannu cikin saniya mai rai ba, abin da kowane malamin dabbobi zai fara yi kafin ya buɗe kwalba.

Ban tambayi Dokta ba. So nake in kawo mata labari ya riga ya yi kyau. Ran goma ga azumi, bayan azahar, gida duk an kwanta, na lallaɓa bayan gida. Kyauta ta juyo ta dube ni, ta lashi gwiwar hannuna saboda gishirin gumi. Na soka mata a cinya. Ko motsi ba ta yi ba.

Dab da magariba na iske Iya a ƙofar ɗakinta tana fifita da murfin kwano. Na ce ta shirya tukuici, nan da kwana uku Kyauta za ta nemi bijimi.

Ta ce, "Wane bijimi kuma? Na girbi bai ishe ta ba?"

Na ce wane na girbi.

Sai ta warware mini, tana fifita, kamar mai ba da labarin abin da kowa ya sani, don kowa ya sani ɗin. Da aka yanke dawa, Kawu, yayan Inna, ya kawo garkensa gonarmu ta bayan Ƙofar Gayan kamar kowace shekara, shanu su ci kara su bar taki. Aka ja Kyauta aka kai ta, ta yi wata guda a cikinsu. Bara waccan ma an kai ta ba ta ɗauka ba, shi ya sa Baba bai sa rai ba. Inna kuwa tana da nata zaton, amma ba a maganar ciki kafin ya nuna kansa, ko na mutum ko na dabba.

Na ce to me ya sa ba a gaya mini ba.

"Ka tambaya? Kuka ka tambaya, aka ba ka amsar kuka. Uwarka ce za ta zaunar da kai ta ba ka labarin bijimi?" Sai ta daina fifita, ta dube ni sosai. "Ango, me ka yi?"

Aka kira salla. Dabino yana hannuna, bakina a bushe tun asuba, na kasa kai shi.

Washegari ban je mayanka ba. Dokta ta saurare ni har ƙarshe, ta cire tabarau ta goge, ta tambayi ƙarfe nawa na yi allurar. Na ce biyu, jiya.

Ta ce, "To an riga an amsa sallama."

Allurar ba ta cikin dangin sinadaran da muke nazari, amma ita ma a bakin ƙofa take isar da saƙonta, kuma ba a kiran ta ta dawo. Yanzu haka naman yana narkewa. Na tambaya ko za a iya yi wa saniyar allurar furojestaron a maye gurbinsa. Ta ce wanda ke cikin firji na awo ne, ba zai riƙe cikin ɓera ba, wanda aka yi oda kuwa tun bara ake jiransa. Abu guda ya rage. Idan ciki ya kai wata biyar, mabiyiya takan fara yin nata kason, har ta iya riƙe ɗa ko da naman ya tafi. In bai kai ba, cikin mako za a ga ɓari. Saniya mai wannan rama kuwa, ɓari a tsakiyar bazara ba lallai ta tashi ba. Komai ya rataya a kan ranar da bijimin ya hau ta, kuma ta ce ba ta zaton wani ya rubuta.

Motarta ba mai. Muka shiga ta haya, muka ƙarasa da ƙafa, rana tana dukan ƙeya. Da likitan namiji ne, da sai an yi shawara kafin ya wuce zaure. Ita kuwa ta durƙusa ta gaida Baba, ta ɗaga labule ta shige. Ni na tsaya a zaure wurin Baba. Iya ta riga ta gaya masa. Yana zaune a kan buzu yana buɗe shafi, ya bar ni a tsugune har ƙafata ta yi tsami, sannan ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Mu a kotu, kafin a yanke hukunci mukan tambaya ko akwai shaida."

Ya ci gaba da karatu. Da ya mare ni da na fi samun sauƙi.

Dokta ta daɗe. Da ta fito hannunta na dama a jiƙe yake har kafaɗa, a na hagu kuma tana riƙe da wani ɗan ƙoƙo. Ta ce akwai ɗa, da ransa, ta taɓa shi ya motsa. Sannan ta juye ƙoƙon a gefen buzun Baba. 'Ya'yan tsamiya ne. Ashe matar Kawu ta raɗa wa Inna ranar da bijimin ya hau Kyauta, wata Alhamis a ƙarshen watan Mauludi. Tun daga Juma'ar da ta zagayo Inna take jefa ƙwallon tsamiya guda a ƙoƙo kowace Juma'a, ta mayar ƙarƙashin gado. Ba wanda ya sani. Dokta ma sai da ta zauna a bakin gadon ta yi ta jan hira kafin aka jawo mata shi.

Muka ƙirga mu uku, Baba yana turawa da yatsa. Ashirin da uku.

Dokta ta ce a lissafin littafi cikin ya haye wata biyar ɗin, da kamar kwana goma. Amma ba a kan saniyar da ta yi bazara ba ci aka rubuta littafin ba. Ta ce a ba ta abinci, a ba ta ruwa, a jira mako guda.

Wannan makon ban san tsawonsa ba har yau. Bayan asuba in ja ruwa, yanzu uku nata, uku namu. In dawo daga mayanka in sake hawa keke in fita ta Ƙofar Gayan, in bi gawo ina kakkaɓo 'ya'yansa da gora, in cika buhu. Na bi gidajen unguwa ɗaya-ɗaya ina sallama ina roƙon dusa, da digirina da komai, matan gida suna aiko da ita a murfin kwano suna tambayar ko jikin saniyar da sauƙi, don labari ya riga ni zagawa. Wata rana a kan hanyar dawowa idona ya yi duhu, na sauka na jingina da ganuwa har ya washe. Leɓena ya tsage. Ban ji na cancanci in yi ƙorafi ba.

Abin da na fi tsoro shi ne safiya. Da gari ya yi haske sai in je in duba ƙasa a bayan Kyauta, ko akwai alamar ɓari. Kullum Inna ta riga ni, ta share wurin tas kamar yadda ta saba. Amma tun daga ranar da Dokta ta zo, takan bar daidai bayan saniyar ba shara, sai na duba na tafi sannan ta dawo ta ƙarasa. Ba mu taɓa haɗuwa a wurin ba. Tsintsiyarta kawai nake tararwa a jingine.

Kwana uku ba komai. Ran na huɗu Kyauta ta ƙi dusa. Ta fara zagaya turke, tana ɗaga wutsiya, tana kuka, irin kukan da na aika a tambaya. Na ga wani siririn zare mai yauƙi yana sauka daga bayanta. Iska ta tsaya cak, ganyen darbejiya ko ɗaya ba ya motsi, gumi yana fita ba ya bushewa. Iya ta daina zagina, abin da ya fi komai ba ni tsoro. Baba bai je tafsiri ba. Inna ta jawo tabarma ta zauna kusa da turken, ta ɗora hannu a cikin saniyar, bakinta yana motsi. Ni ina tsaye daga bakin rijiya, don ba zan iya matsawa inda take ba, ba zan kuma iya tafiya ba. Na san sunan kowane abu da ke faruwa a jikin dabbar nan, da Turanci, a jere. Ba abin da na iya yi da ko guda.

Bayan la'asar gabas ta yi baƙi. Iska ta taso lokaci guda ta kwashe wanki, ta kifar da tukunyar da ke kan murhu. Sai ɗigo na fari ya buga kwano, kamar an jefo tsakuwa, sai na biyu, sai aka saki. Ƙamshin ƙasa ya cika gidan. Kowa ya ruga da abin da hannunsa ya kai, bokiti, tukunya, har tiren shayi, ana tara a bakin indararo. Muna tsaye cikin ruwa muna jiƙewa da ƙishinmu, saura kusan awa guda a sha ruwa. Inna ba ta tashi ba. Kyauta ta daina kuka, ta miƙa wuya tana lasar ruwan da ke gangarowa a kafaɗarta.

Iya ta ce dama shanu sukan ji hadari kafin mutane, ba wani abu ba ne. Littafi ya ce yana iya zama aikin allurar. Har yau ban san wanne ba ne.

Da safe bayan gida ya zama caɓi. Na durƙusa na bi laka da kashin shanu da hannuna biyu, daga turke har magudana, na sake komawa. Ba komai. Da mako ya cika Dokta ta dawo ta zura hannu, ta ce ɗan yana nan. A zaure ta gaya mini, ta ƙara da cewa daga gobe zan riƙa bin malamin dabbobi zuwa ruga, sai na taɓa shanu masu rai kafin in sake taɓa kabad ɗinta. Aka yi Sallah. Ba a kira mahauta ba.

Cikin marka, wata guda bayan Babbar Sallah, Kyauta ta haihu da hantsi, ana yayyafi. 'Yar maraƙa ce, ƙarama ƙwarai, ƙafafunta kamar sillen kara, amma ta miƙe. Kafin a yi shawara Iya ta sa mata suna Allura, kuma sunan ya zauna.

Ina bakin rijiya da guga a hannu. Inna tana goge 'yar maraƙar da tsumma, ta ba ni baya. Iya tana tsakaninmu a kan kujera. Sai na ji Inna ta ce, "Iya, a gaya wa wancan."

Iya ta ce, "Ga shi nan a tsaye, yana jin ki."

Inna ba ta juyo ba. Ta ce, "A gaya masa, in ya sake samo magani, ya yi sallama tukuna. Akwai mutane a gidan."

Iya ta gyara zama, ta juyo gare ni, ta maimaita mini daga farko har ƙarshe, kalma bayan kalma, ba ta rage ko ɗaya ba. Na ce a gaya mata na ji.